Takardar da Ke Kwance Kusa da Bindiga: Nazarin Dokar Inshora ta Birnin San Jose

Da misalin ƙarfe shida da rabi na safiyar Laraba, 26 ga Mayu, 2021, lokacin da masu aikin dare ke shirin tashi na safe suna shigowa, wani ma'aikaci mai shekara 57 ya shiga filin gyaran jiragen ƙasa na cikin gari a San Jose, jihar Kalifoniya ta Amurka, da bindigogin hannu uku. Ya kashe abokan aikinsa tara, mutanen da ya san sunayensu kuma suka san nasa, sannan ya harbe kansa. A daidai lokacin gidansa na ci da wuta a wata unguwa. Bindigogin nan uku da izinin hukuma ya mallake su.

Ba wannan ne karon farko da birnin ya yi makoki irin wannan ba. Ranar 28 ga Yuli, 2019, wani matashi ɗan shekara 19 ya yanke shingen waya ya shiga bikin tafarnuwa da ake yi duk shekara a garin Gilroy, kudu da San Jose, ya kashe mutum uku. Biyu daga cikinsu yara ne 'yan San Jose, yaro ɗan shekara shida da yarinya 'yar shekara goma sha uku. Bayan makonni kaɗan magajin garin, Sam Liccardo, ya fito da shawarar da ba a taɓa aiwatarwa a ko'ina cikin Amurka ba: duk wanda ya ajiye bindiga a gidansa a tilasta masa yin inshora, yadda ake tilasta wa mai mota. Shawarar ta yi ta jan ƙafa, annobar korona ta zo ta danne ta, sai harin filin jirgin ya sake tayar da ita.

Hujjar Liccardo mai sauƙin fahimta ce, kuma ni dai ban ga inda za a kama ta da ƙarya ba. Kundin tsarin mulkin Amurka, ta gyara na biyu da aka yi masa a 1791, ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami, amma bai ce maƙwabcinsa ne zai riƙa biyan kuɗin ɓarnar ba. Duk harbin da aka yi a birni, akwai motar asibiti, akwai 'yan sanda, akwai tiyata, akwai kotu, akwai iyalin da mai ciyar da su ya kwanta. Wani binciken da aka yi wa birnin ya ƙiyasta asarar da bindiga ke jawo wa mazauna San Jose a kan dala miliyan 442 a shekara, idan an haɗa da rayuka da lafiya da aikin da aka rasa, kuma kusan dala miliyan 40 daga ciki kai tsaye daga aljihun masu biyan haraji suke fita. Birni ne mai mutum kusan miliyan ɗaya, gidajen da ke da bindiga kuwa an ƙiyasta su tsakanin dubu hamsin zuwa dubu hamsin da biyar. Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: 'yan tsiraru ke riƙe da makamin, gari duka ke biya.

Daren Talata, 25 ga Janairu, 2022, majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'a. An raba dokar gida biyu. Ɓangaren inshora ya wuce da ƙuri'a 10 a kan 1, kansila Dev Davis ce kaɗai ta ƙi. Ɓangare na biyu, wato kuɗin shekara na kimanin dala 25 da kowane gida mai bindiga zai riƙa biya ga wata ƙungiya mai zaman kanta don ayyukan rigakafi, kamar koyar da ajiye makami da taimakon masu tunanin kashe kansu da matan da ake duka a gida, ya wuce da 8 a kan 3. Cikin ukun da suka ƙi akwai Matt Mahan, wanda shi ne ya gaji Liccardo a kujerar magajin gari a Janairun 2023, watan da dokar inshorar ta fara aiki. Ko tawadar ba ta bushe ba wata ƙungiyar masu rajin mallakar bindiga, NAGR, ta shigar da ƙara a kotun tarayya, daga baya ƙungiyar masu biyan haraji ta Howard Jarvis ta shigar da tata a kan dala 25 ɗin.

To, me dokar ta ce a yi? Nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin abin da jaridu suka yayata ya fi abin da ke rubuce girma nesa ba kusa ba.

Mai bindiga zai kasance da inshorar gida, ko ta ɗan haya, ko wata ta musamman, wadda za ta biya diyya idan bindigarsa ta yi ɓarna bisa kuskure. Daga nan sai ya sauko da wata takarda daga shafin intanet na birnin, ya rubuta sunansa, da sunan kamfanin inshorarsa, da lambar yarjejeniyar, ya sa hannu a kan cewa gaskiya ya faɗa. Takardar ba ofishin magajin gari za a kai ta ba, ba kuma caji ofis ba. Ninke ta zai yi ya ajiye inda bindigar take, a cikin durowa ko akwatin ƙarfe, idan zai fita da makamin ya tafi da ita. Ranar da ɗan sanda ya zo gidan kan wani dalili na daban, ya ga bindiga, yana iya cewa a nuna masa takardar. Wanda ba shi da ita za a ci shi tara, daga dala 250 zuwa dala 1,000 idan ya yi ta maimaitawa. Ba ɗauri. An cire jami'an tsaro, da masu lasin yawo da bindiga a ɓoye, da waɗanda talauci ya hana. Akwai wani sashe da ya yi maganar ƙwace bindigar wanda ya ƙi bin doka, amma an ɗaure shi da sharaɗin sai idan dokar jiha ta yarda, dokar jiha kuwa ba ta ba da wannan dama ba, don haka sashen yana nan kwance. Shi kansa Liccardo ya sha faɗa cewa ba za a bi gida gida ana ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Abu ɗaya a cikin dokar ya burge ni, kuma ban ga an ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Idan bindigar mutum ta ɓata ko aka sace ta, doka na ɗaukarsa mai ita har sai ya kai rahoto wurin 'yan sanda. Dama dokar Kalifoniya ta ba mutum kwana biyar ya sanar. Yawancin bindigogin da ake aikata laifi da su, da farko a hannun wani mai izini suke, wasunsu kuma sace su ake yi, a fasa mota ko a haura gida. Sanya mai ita ya ji cewa alhakin na wuyansa har sai ya buɗe baki, wannan dabara ce mai kyau.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Kalmar da ke riƙe da dokar duka ita ce kuskure.

A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka. Daga ciki 26,328 su suka kashe kansu, 20,958 wasu suka kashe su da gangan. Waɗanda suka mutu ta hanyar kuskure, irin harsashin da ya kuɓuce ana goge bindiga ko yaro ya taɓa kunama yana wasa, su 549 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari da 'yan ɗoriya. Inshorar da San Jose ta tilasta wannan ɗan kason kaɗai ta shafa, tare da waɗanda suka ji rauni ta irin wannan hanya ba su mutu ba, waɗanda sun fi haka yawa. Da a ce maharbin filin jirgin yana da takardarsa cikakkiya a durowa, iyalan mutum taran nan ko sisi ba za su samu daga gare ta ba. Haka iyayen yaran Gilroy.

Wannan ba sakacin kansiloli ba ne. Sashe na 533 na dokar inshora ta Kalifoniya ya hana kamfani biyan ɓarnar da mai inshora ya yi da gangan, kuma kusan ko'ina a duniya haka tsarin yake. Mai karatu da ya zauna gaban malami a babin diyya ba zai ga baƙon abu a nan ba. A fiƙihu, idan mutum ya yi kisa bisa kuskure, danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya diyya, domin kuskure kowa na iya yi, nauyin kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Idan kuwa da gangan ya yi, dangi ba su ɗaukar masa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Hikimar ɗaya ce da ta masu inshora: in mutum ya san wani zai biya masa, an sauƙaƙa masa aikata ta'asa. Jihar New York ta nuna yadda hukumomi ke kallon wannan batu a 2018, lokacin da ta ci kamfanin Lockton tarar dala miliyan 7 da kamfanin Chubb dala miliyan 1.3 saboda wata inshora mai suna Carry Guard da ƙungiyar NRA, babbar ƙungiyar masu rajin mallakar bindiga a Amurka, ke tallatawa, wadda ke biya wa mutum kuɗin lauya idan ya harbi wani ya ce kare kansa ya yi. Masu adawa da ita inshorar kisa suke ce mata.

Ko cikin ɗan kason nan na kuskure akwai wani rami. Inshorar gida tana biyan baƙo ne, ko maƙwabci, ko mai wucewa, ba ta biyan mutanen gidan da ke ƙarƙashin yarjejeniyar. Idan yaro ɗan shekara huɗu ya jawo bindigar mahaifinsa daga ƙarƙashin matashin kai ya harbi ƙanwarsa, irin labarin da ke karya zuciya kuma ake ji a kai a kai a Amurka, kamfanin inshora ba ruwansa. Sai idan ɗan maƙwabta ne ya shigo wasa harsashin ya same shi.

Magoya bayan dokar suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Suka ce manufar ta wuce biyan diyya. Kamar yadda kamfanonin inshorar mota suka riƙa rage wa direba mai natsuwa kuɗi suna ƙara wa mai ganganci, har suka taimaka wajen yaɗa bel da jakar iska, haka za su fara tambayar mai bindiga: kana da akwatin ƙarfe mai makulli? Ka sa wa kunama kwaɗo? Ka je horo? Wanda ya ce e a rage masa. Bindigar da ke kulle kuwa ba yaro kaɗai take tsarewa ba, har matashin da baƙin ciki ya rufe da tsakar dare, har ɓarawo. Da hakan ta faru, da dokar ta taɓa manyan alƙaluman nan ta bayan gida. Sai dai yawancin inshorar gida a Amurka dama can tana biyan harbin kuskure a matsayin haɗari irin na cizon kare ko zamewar baƙo a matakala, ba tare da an tambayi mai gida ko yana da bindiga ba. Da'awar diyya ta wannan fanni ba ta da yawan da zai sa kamfani ya sauya farashinsa. Saboda haka ga mafi yawan masu gidaje a San Jose, bin dokar bai wuce cike takarda guda ba. Wanda ya ji a jikinsa shi ne ɗan hayan da bai taɓa yin inshora ba.

A kotu birnin ya yi nasara, kuma yadda ya yi ta abin lura ne. Ana cikin shari'ar, ranar 23 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da aka fi sani da Bruen, inda mai shari'a Clarence Thomas ya rubuta cewa duk dokar da ta taɓa 'yancin riƙe makami dole a nuna tana da makamanciya a tarihin ƙasar. Ba a ƙara tambayar ko doka na da amfani, ana tambayar ko kakanni sun yi irinta. Lauyoyin San Jose suka koma tsofaffin littattafai suka tono dokokin lamuni na ƙarni na sha tara, irin wadda jihar Massachusetts ta yi a 1836: idan wani ya kai ƙorafin yana tsoron mai yawo da makami, alƙali na iya sa shi ya ajiye kuɗi ko ya kawo wanda zai tsaya masa, in ya ta da fitina kuɗin ya tafi. Mai shari'a Beth Labson Freeman ta ƙi dakatar da dokar a Agustan 2022, a Yulin 2023 kuma ta kori ƙorafin da aka yi kan inshorar. Cikin dalilanta akwai kamancin nan da dokokin lamuni, akwai kuma cewa rashin inshora ba ya raba mutum da bindigarsa.

A lura da wannan dalili na ƙarshe. Abin da ya ceci dokar a gaban alƙali shi ne rashin haƙoranta. Jihar New Jersey ta gwada mai haƙora. A Disambar 2022 gwamna Phil Murphy ya sa hannu a dokar da ta ce duk mai son fita da bindigar hannu cikin jama'a sai ya yi inshorar aƙalla dala 300,000, kuma rashin yi laifi ne babba. A Mayun 2023, kafin ta fara aiki a watan Yuli, mai shari'a Renée Marie Bumb ta dakatar da ita. Ta ce tsofaffin dokokin lamuni mutum ɗaya suke kamawa bayan an yi ƙorafi a kansa, wannan kuwa kowa ta haɗa, mai laifi da marar laifi. Tarihi ɗaya, alƙalai biyu, hukunci biyu.

Yanzu batun tilastawa, wanda shi ne zuciyar wannan nazari. Kwatancen da mota yana da daɗin ji, amma a duba abin da ke riƙe da inshorar mota. Kowace mota tana da lamba, tana da rajista, tana yawo a fili inda kowa ke ganinta. A Kalifoniya kamfanonin inshora suna aika wa hukumar rajistar motoci bayani ta kwamfuta, idan inshorar mutum ta ƙare a dakatar da rajistarsa ko da bai haɗu da ɗan sanda ba. Duk da wannan shinge, kusan direba ɗaya cikin bakwai a Amurka ba shi da inshora. Mu ma nan mun san yadda abin yake. Inshorar mota ta wajibi a Najeriya ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, 'yan sanda suka ƙaddamar da kamen marasa ita a Fabrairun 2025, amma direbobi nawa ne ke ɗaukar takardar a matsayin abin da zai biya wanda suka kaɗe? Da yawa abin nuna wa jami'i ne a shingen hanya, a ninke a mayar cikin aljihun mota.

Bindiga ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dokar tarayya ta 1986 ta hana gwamnatin Amurka kafa rajistar masu bindiga ta ƙasa. Jihar Kalifoniya tana adana bayanan cinikin makamai, amma ta keɓe wa kanta ikon rajista da ba da lasi, birni ba shi da hurumi. Don haka San Jose ta yi doka a kan gidaje dubu hamsin da ba ta da jerin sunayensu. Ba ta san wa ya cike takarda ba, tunda ba a kawo mata. Kamfanin inshora ba ya sanar da ita komai. Ɗan sandan da zai tambayi takardar kuwa, a wane hali yake shiga gidan mutum? Galibi an kira shi ne saboda rigimar miji da mata, ko an ji ƙarar harbi, ko wani na barazanar hallaka kansa. A irin wannan dare hankalinsa na kan hannun mutumin da ke gabansa da yaran da ke kuka a ɗaki. Idan ma ya tuna da takardar, ta zo a makare, ihu ne bayan hari. Shi kuwa mai riƙe da bindigar sata, wanda ɗauri ke jiransa in an kama shi, tarar dala 250 ba za ta hana shi barci ba.

Inda irin wannan tilas ke aiki, a bakin ƙofa ake tsare ta. A Jamus ba a ba maharbi lasin farauta sai ya nuna shaidar inshora, aƙalla yuro 500,000 don raunin mutum da yuro 50,000 don ɓarnar dukiya, kuma lasin na ƙarewa, dole ya dawo da sabuwar shaida kafin a sabunta masa. A Faransa ma sai da inshora ake tabbatar wa mafarauci da izininsa na shekara. Ba wanda ke bin su gida, domin ƙofar guda ce kuma jami'i na zaune a bakinta. San Jose ba ta da ƙofa irin wannan. Mai ita ita ce jiha, ta hanyar shagon da ake sayar da bindiga da harsashi, inda dama ake binciken mai saye.

Hukuncina a kan lamarin shi ne Liccardo ya yi daidai a tambayar da ya ɗaga, ya kuma yi jarumta da ya kai ta har gaban alƙali, amma kayan aikin da ya samu bai kai girman aikin ba. Abin da ke damuna shi ne mutanen da aka ɗauki sunan 'ya'yansu da mazajensu aka tallata dokar da shi. Uwa ta ji an ce an yi doka saboda ɗanta, ta ɗauka wata uwar ba za ta shiga abin da ta shiga ba, ko in ta shiga za a share mata hawaye, alhali rubutun dokar bai ko leƙa irin mutuwar ɗan nata ba. Kuɗi mai tsoka da aka taɓa ganin inshora ta biya irin waɗannan iyalai daga wani wuri ya fito: a Fabrairun 2022 kamfanonin da suka yi wa masana'antar ƙera bindigogi ta Remington inshora suka amince su biya dala miliyan 73 ga iyalai tara na harin makarantar Sandy Hook na 2012, bayan shari'ar shekaru a kan yadda aka tallata bindigarta da aka yi harin da ita.

Ɓangaren dokar San Jose da zai iya taɓa masu kashe kansu da matan da ake yi wa barazana a gida shi ne dala 25 ɗin nan, wanda in an karɓa daga gidaje dubu hamsin zai haura dala miliyan ɗaya a shekara. Shi ne kuma ɓangaren da ya fi shan suka, wasu na cewa haraji ne da aka ɗora ba tare da ƙuri'ar jama'a ba, wasu na cewa ana tilasta musu ba da kuɗi ga ƙungiyar da ba su yarda da saƙonta ba. Lokacin da inshorar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023, birnin bai zaɓi ƙungiyar da za ta karɓi kuɗin ba, don haka aka ɗage karɓarsa, kotu ma ta ce ba za ta yanke hukunci kan wasu ƙorafe-ƙorafen da suka shafe shi ba tunda ba a fara ba. Liccardo ya sauka daga kujerarsa kwana ɗaya kafin wannan rana, a Nuwambar 2024 kuma ya ci zaɓen majalisar wakilai ta tarayya ya koma Washington.